Ɗaga ido ka dubi taswira, yaro

Daren Alhamis na je gidan yayata a Hindawiyya, nan Jidda, na tarar da babban ɗanta ya duƙufa a kan jawwal, wato wayar hannu, yana buga Mobile Legends, wasan yaƙin da ake yi biyar da biyar, kowa da jaruminsa, kowane ɓangare na neman rusa gidan ɗayan. Shekararsa 17. Na zauna bayansa da kofin shayi ina kallo. Jarumin da ake kira Ling ya ɗauka, shi ne mai daji, wato mai farautar dodannin da ke tsakanin layukan taswira, kuma hannunsa na da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Ana cikin minti na 14 abokansa huɗu suka taru a bakin ramin Lord, babban dodon da ke taya waɗanda suka kashe shi yaƙi, mai tankinsu, wato mai jarumin da ke shan duka a gaba, yana ta danna alamar a taru. Shi kuwa ya hango maharbin abokan gaba da ɗan guntun jini a can layin ƙasa, ya haye katanga ya bi shi. Na ce masa, "Ɗana, mutum uku ba sa kan taswira." Ya ce, "Bari Kawu, sara ɗaya ya rage masa." Ai kuwa ukun nan suna kwance cikin duhuwa suna jiransa. Yana mutuwa ya buɗe makirfo ya hau zagin mai tanki.

Zagin nan ne ya hana ni barci, domin kalmomin da ya yi amfani da su nawa ne, ko da yake bai taɓa jin su daga bakina ba.

A azumin 2021 mu biyar ne, duk 'yan unguwa ɗaya, iyayenmu ko kakanninmu daga Kano da Katsina da Damagaram suka zo. Bayan tarawihi sai mu haɗu mu buga har sahur. Ni ne mai daji, ni ke riƙe da Retribution, fasahar sarar dodanni, wato ni ke da alhakin sarar ƙarshe a kan Lord da Kunkuru, dodon da ke fitowa kafinsa. Akwai wani a cikinmu, ya girme ni kaɗan, shi ke ɗaukar Tigreal, jarumin tanki, kullum don babu mai so. Aikinsa ya shiga duhuwa kafin kowa, ya sha dukan farko, ya gaya mana inda mutane suke. Idan aka tashi wasa sunansa na ƙasa, kisa babu, mutuwa da yawa. Ni kuma sunana na sama. Na daɗe ina ɗauka wannan allon ƙarshe shi ne gaskiyar abin da ya faru.

Shabab, wato samarin unguwanni, suka haɗa 'yar gasa a wata istiraha, gidan shaƙatawa, kowa ya zuba kuɗi, muka shiga har muka kai wasan da zai kai mu zagayen ƙarshe. Muna gaba da zinare, mun rusa musu hasumiyoyin waje duka. Mai Tigreal ya ce, "Lord, kowa ya zo, ban ga Franco ba, kar wanda ya ware." Na ji shi sarai, yana zaune kusa da ni, kafaɗarmu na gogar juna. Amma na ga matsafinsu yana gudu da jini kaɗan, na bi. Ƙugiyar Franco, jaruminsu mai fizgo mutum, ta fito daga duhuwar da abokina bai kai ga buɗewa ba. A ƙarshen wasa lokacin jiran farfaɗowa yana da tsawo, kafin in dawo sun ci Lord babu mai ƙwace musu tunda Retribution ya mutu tare da ni, suka biyo shi suka shiga gidanmu.

Har yau wani lokaci nakan ce ai ba ni kaɗai ba ne. Intanet ɗin wurin yana yankewa, kuma da gaske matsafin nan sara ɗaya ya rage masa, da na samu da mun zama biyar a kan huɗu, da kowa ya yaba mini. Shi ma wasan haka aka gina shi: ka kashe mutum huɗu a jere murya ta yi shelar Maniac, ka kashe biyar ta ce Savage, amma babu muryar da ke shelar wanda ya taka duhuwa ya gano mutum uku ya ceci 'yan'uwansa. Yaro mai jini a jika me ake so ya koya daga wannan? Sai dai duk uzurin nan bai taɓa abin da na yi bayan wasan ba. A gaban mutane, har da waɗanda suka cinye mu, na ɗaga masa allo na ce ya dubi lambobinsa ya dubi nawa, na ce mu huɗu muke wasa muna goye da shi. Bai ce uffan ba. Ya ɗauki cajarsa ya fita.

Mun sa wani a gurbinsa, nan ne na ga abin da yake yi mana. Sai ga ni ina mutuwa a dajina, ana sace mini dodanni, Kunkuru na wucewa ban ma san an fara shi ba. Ashe shekarun nan ba ni nake kallon taswira ba, shi yake kallar mini yana faɗa mini a kunne, ni kuma ina ɗauka basirata ce. Muna gaisawa yanzu idan mun haɗu a masallaci ko wurin ɗaurin aure, amma bai ƙara gayyata ta wasa ba, ni ma girman kai ya hana ni nema a lokacin da neman zai yi amfani. Ko da yake, in za a bi gaskiya, shi ma yana iya tsayawa ya rama maganar mu wanke ta a daren, ba sai ya tafi ba. To amma ni na fara.

Na zauna da niyyar rubuta muku abubuwa da yawa, ku yaran da ke buga wasan nan, kan zaɓen jarumai da kayan yaƙi da sauransu, na ga duk kuna da su a YouTube, kun ma fi ni sani. Abin da ba ku da shi kaɗan ne.

Taswirar nan da ke kusurwar sama ta hagu, ku riƙa kai mata ido duk bayan 'yan daƙiƙu, kamar yadda mai tuƙi a titin Shara Sittin na Jidda da yamma ke kai ido madubi ba tare da ya yi shawara da kansa ba. Kuma ba kallo kawai ba, ƙirga za ka yi. Kawunan abokan gaba biyar ne, nawa kake gani? In biyu kake gani, sauran ukun suna duhuwar da ta fi kusa da kai har sai an tabbatar da ba haka ba. Wanda ya tsaya gabanka da guntun jini alhali yana da hanyar gudu, ajiye shi aka yi. Ka kuma san agogo: Kunkuru na farko yana fitowa a minti na 2, Lord a minti na 8. Kafin lokacin ya yi ka share 'yan sojojin layinka, ka cika jini, ka kama hanya. Mai daji da ya mutu daf da fitowar Lord ya mutu sau biyu, don ya tafi da Retribution.

Sai magana. Ku yaran yanzu ko dai kun kashe makirfo gaba ɗaya, ko kun buɗe shi don zagi kawai. Ana mutuwa sai a fita a leƙa TikTok kafin a farfaɗo, alhali lokacin nan ne idonka ya fi kowa sarari, kana iya jan allo ka gaya wa 'yan'uwanka wa ya kashe babbar fasaharsa, wa ya bar layi. Magana gajera ake so: "matsafi ya ɓace a tsakiya", "ba ni da Flicker" (fasahar tsallen tsira), "ku ja baya". Mutum ɗaya ne zai riƙa kira, yawanci mai yawo, wato mai irin aikin abokina mai Tigreal, domin shi ne idonsa bai ɗaure a kan 'yan sojoji ba. In ya ce a taru, ka taru ko kana ganin kuskure ne. Biyar a kan shawara mai rauni sun fi uku a kan mai kyau.

Amma fa kar ka bi kowa cikin rami. In ya kira Lord alhali mai dajin abokan gaba na raye kuma maharbinku na can gida, ka ce a'a da ƙarfi tun kafin a fara sara. Na san wannan ya ci karo da abin da na faɗa yanzu. Ban da wata ƙa'ida da za ta raba muku su, sai dai ka yi musu kafin a shiga, in an shiga kuma ka shiga, ka ajiye musun sai an tashi.

Duk kuna mafarkin Riyad tun da aka fara Esports World Cup, gasar duniya ta wasannin bidiyo, a can a 2024, kuna sa rigar ƙungiyar Falcons ta Saudiyya. A gasar Mobile Legends ta shekarar, Selangor Red Giants ta Malesiya ce ta doke Falcons AP.Bren da ci 4 da 3 a wasan ƙarshe. Na tabbata yawancinku guntayen bidiyon kashe-kashe kawai kuka kalla. Ku koma ku kalli wasa guda cikakke, ku bi mai yawo kaɗai da ido, ku ga inda yake tsayawa kafin Kunkuru ya fito, da yadda sauran ba sa taka wuri sai ya riga su.

Haka za ku yi da naku wasannin. Wanda kuka sha kashi a cikinsa za ku buɗe, ba wanda kuka samu MVP, lambar gwarzon wasa, ba. Ka koma rabin minti kafin kowace mutuwarka, ka rufe jaruminka da babban yatsa, ka dubi taswira ka ƙirga kawuna. Ku yi shi tare ku biyar, kowa ya faɗi tasa mutuwar da bakinsa kafin wani ya faɗa masa, mai daji ya fara. Ba zai ci muku lokacin da kuke ɓatawa wajen zaɓen rigar jarumi a shago ba.