Jan ɗigon da ke tsakanin G da H

Asabar, bayan isha'i.

Wuta ta ɗauke tun hantsi, Beirut Road, layinmu na masu kwamfuta a Kano, duk ta koma ƙarar janareto. Amma musun Malam da Auta, mai taimaka min a shago, ne ya tsaya min a rai.

Malam ya kawo laftof ɗinsa, ThinkPad T450 ta hannu, wadda yake buga wa ɗaliban BUK furojet da ita. Kokensa ɗaya ne: yana cikin bugu sai kibiya ta yi tsalle, rabin jimla ya faɗa cikin sakin layin sama. Auta ko buɗe laftof ɗin bai yi ba ya ce, "Malam, ku sayi mawus ku huta. Wannan jan abin na tsakiya ma a ɓalle shi, ado ne kawai." Malam ya dube shi ya ce, "Yaro, a zaure nake aiki, a kan cinyata. A ina zan ɗora mawus ɗin?"

Wannan amsar ita ce gaskiyar lamarin, kuma ita ce masu sayar da kwamfuta ba sa tsayawa su saurara. Kafin ka zaɓa wa mutum abin motsa kibiya, tambaye shi aikin da yake yi da kuma inda yake zama.

Jan ɗigon nan ba ado ba ne. TrackPoint sunansa, IBM ce ta fito da shi a ThinkPad a 1992, Lenovo ta ci gaba da sa shi bayan ta sayi sashen kwamfutocin IBM a 2005. Yana zaune tsakanin G da H da B, kuma ba tafiya yake yi ba, matsi yake aunawa. A ƙarƙashin robar akwai ɗan sanda mai ƙananan ma'aunai, gwargwadon ƙarfin turawarka gwargwadon gudun kibiya. Wanda bai saba ba yana danna shi da ƙarfi, kibiya ta wuce inda yake nufi, ya ce abin banza ne. Ɗora kan manuniya a hankali ake yi, babban yatsa kuma ya zauna a kan maɓallai ukun da ke ƙasan dogon maɓallin tazara. Na tsakiyarsu shi ne mai daɗin: riƙe shi ka tura ɗigon ƙasa, shafi ya gangara. Ga mai bugu irin Malam, ribar ita ce hannu ba ya barin layin harufa ko sau ɗaya. Shi ya sa masu son sa suka yi ca lokacin da aka cire waɗannan maɓallai a T440, har aka dawo da su a T450.

Yana da nasa halin. Wani lokaci kibiya ta kama tafiya ita kaɗai zuwa gefe. Na'urar ce ke sake daidaita kanta, domin idan ka daɗe kana matsa ta da ƙarfi iri ɗaya sai ta ɗauka wannan shi ne zamanta na hutu. Ɗauke yatsa na 'yan daƙiƙoƙi, za ta tsaya. Robar kuma tana cinyewa ta yi santsi, yatsa ya riƙa zamewa. Zare ta ake yi a sa sabuwa, sai dai tsayinsu ya bambanta. Idan ka sa doguwa a sirarar laftof, za ta bar tabo a tsakiyar gilashi duk lokacin da aka rufe. HP EliteBook da Dell Latitude na da can ma suna da irinsa.

To, tsallen kibiyar Malam fa? Abu biyu ne suka haɗu, kuma babu wanda sayen mawus zai gyara.

Na farko caja. Faifan taɓawa, wanda muke cewa tacfad, yana gane yatsa ne ta ɗan canjin lantarkin da fata ke haifarwa a samansa. Canjin ƙarami ne ƙwarai, saboda haka duk wata gurɓatacciyar wuta da ta shigo ta caja tana rikita shi. Gwajin ba ya cin minti ɗaya: zare caja, zagaya yatsa a kan faifan. Idan kibiya ta nutsu a kan batir, ta koma rawa da zarar an mayar, laifin caja ne ko soket. Cajar Malam jabu ce, mara nauyi, an kuma karya ƙafa ta uku ta fulogin don ya shiga wata tsohuwar wayar jone. Ƙafar nan ita ce ta ƙasa, ita ke kwashe wutar da ta yi yawo. Ga ƙaramin janareto a kai.

Na biyu tafin hannu. Mai bugu da sauri gindin babban yatsansa yana goga gefen faifan, kwamfuta ta ɗauka dannawa ce. A zafin nan na Kano gumi yana ƙara abin, domin danshi ma faifan yana jin sa kamar taɓi. A saitin Windows ana rage ƙarfin jinsa, a kuma kashe dannawa ta taɓi. Ga Malam kashe faifan gaba ɗaya ya fi: a danna F1 lokacin da kwamfutar take tashi, a shiga sashen kibod da mawus, a kashe tacfad a bar TrackPoint.

Auta ya ce ai baya aka koma. Ban yarda ba, amma yana da hujja. Shi ya tashi ne da waya a hannu, yatsunsa sun san shafa gilashi. Kuma tacfad na yanzu ba irin na da ba ne. Tun zamanin Windows 8.1 Microsoft ta kawo tsarin Precision, inda Windows da kanta ke karanta yatsu maimakon manhajar kamfanonin da ke ƙera faifan, irin su Synaptics ko Elan ko Alps. Yatsu biyu su gangara da shafi, taɓi da yatsu biyu ya buɗe zaɓin dama, uku ka tura sama ka ga duk abin da ke buɗe. Apple kuwa tun 2015 ta fito da faifan da ba ya lotsawa, ɗan injin girgiza ne ke sa ka ji kamar ka danna. Ga karatu da yawo a intanet, babban tacfad mai gilashi ya fi TrackPoint sauƙi nesa ba kusa ba.

Mawus kuma, duk mai zane a CorelDRAW ko AutoCAD, ko mai jan layukan Excel yini guda, kada ya wahalar da kansa, ya saya. Sai dai mai jan haske ba ya karanta teburin gilashi, a shimfiɗa masa abu. Mara waya idan yana yankewa, a matsar da ɗan filoginsa daga ramin USB 3.0, mai shuɗin ciki, domin ramin yana damun zangon 2.4 GHz da mawus ɗin ke aiki da shi. Wanda ke danna biyu alhali sau ɗaya aka taɓa, ɗan makunnin cikinsa ne ya gaji.

Abin da ya ɓata min rai shi ne saurin yanke hukuncin. Dattijo ya zo da matsala, abin cin abincinsa ne, aka so a sallame shi da kayan da ba shi da wurin ajiye shi. Da ya tafi da mawus da cajar nan, da faifan ya ci gaba da tsalle da rubutunsa. Na faɗa wa Auta haka bayan Malam ya fita, ba a gabansa ba. Ya yi shiru.

Sauran yinin ba wani abu.  

Sai dai laftof ɗin wata Hajiya ce ta tayar min da hankali da la'asar. Ta ce faifan ya yi tauri, ba ya dannuwa. Na kwantar da laftof ɗin na duba ta gefe, faifan ya ɗago sama da jikinta. Batir ne ya kumbura a ƙarƙashi yana tura shi. Irin wannan ba a danna shi a ce ya koma, ba a huda shi, ba a ƙara sa masa caja, domin yana iya kamawa da wuta. Jikokinta kuma a kan katifa suke kallo da ita. Na zare batirin na ajiye shi a kwanon ƙarfe nesa da kaya. Litinin Auta zai zagaya layi ya nemo mai lamba iri ɗaya.