25 ga Azumi: mutanen Bahiya

Yau ban yi wani aikin kirki a shago ba. Zafi, ga ƙishirwa, ciniki kuma sai a hankali, don haka tun bayan azahar na duƙufa karanta labarin boren da bayi Musulmi suka yi a birnin Salvador na jihar Bahiya, ƙasar Brazil. A rana irin ta yau aka yi shi, 25 ga Ramadan 1250, daidai da 25 ga Janairun 1835.

Su wajen 600 ne suka fito cikin dare da fararen riguna, da takubba da wuƙaƙe, kowa da layarsa. Yarabawa ne suka fi yawa, amma akwai Hausawa, dama kuma tun 1807 Hausawan Bahiya ke ƙulla tawaye. Sun shirya fita da asuba, lokacin da hankalin masu gari ke kan wani bikin coci, sai labari ya kai kunnen hukuma, dole suka fito tun kafin lokaci. Sun nufi kurkuku don su kuɓutar da malaminsu, dattijo Pacifico Licutan, abin bai yiwu ba. A wani wuri da ake kira Agua de Meninos sojan doki suka tare su. Aka kashe kusan 70. Daga baya aka harbe huɗu, shi kuma dattijon aka yanke masa bulala 1,000.

Takardun da aka samu a jikinsu ne suka hana ni sukuni. Ayoyi da addu'o'i ne da rubutun hannu, an ninke su ƙanana an ɗinke cikin fata, sak irin wadda kakata ke rataya wa jarirai a wuya. A gidajensu 'yan sanda sun tarar da alluna da tawada. Mutum ya wuni yana dakon kaya wa ubangidansa, dare ya yi ya zauna gaban malam yana ɗaukar karatu a ɓoye. Hukumar ma ba ta iya karanta rubutun ba, sai wani bawa Bahaushe aka nemo ya fassara.

Bayan shan ruwa na ba Baba labarin. Ya yi shiru, can ya ce, "To wa ya kai su bakin teku?" Na ce, "Baba, da yawansu yaƙe-yaƙen nan ne suka ci su, na zamanin jihadi daga 1804 da na rugujewar daular Oyo." Aka kama su aka yi ta sayarwa hannu zuwa hannu har gaɓa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don da hannun namu a ciki, kuma ban taɓa jin an faɗe shi a aji ba. Baba ya yi musu addu'a, muka shafa.

Bayan boren an koro 'yantattun bayi da dama zuwa Afirka ta Yamma, wasu kuma suka biyo baya da kuɗinsu. Jikokinsu na nan a Legas, da Kwatano da Wida na ƙasar Benin, ana ce musu Aguda. Waɗanda suka rage a can sai 13 ga Mayun 1888 aka soke bautar, Brazil ce ta ƙarshe a duk nahiyar Amurka.