Aikin allon gaba: inda na tsaya kan jeren makunnai

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Ruwa ya ɗauke, an shigo da gero, na samu sararin komawa rumfar aiki a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim. Ga waɗanda ba su bi bayanin baya ba, jirgin saman da nake haɗawa samfurin Zenith CH 701 ne mai kujera biyu, wanda Chris Heintz ya tsara, injinsa kuma Rotax 912 mai ƙarfin doki 80. Yanzu aiki ya iso allon da ke gaban matuƙi, kuma har yau ban huda alminiyon ko sau ɗaya ba. Da gangan ne. Na yanka falankin katako daidai girman allon, na kafa shi a gurbinsa, a kansa nake ta ɗaura makunnai ina sauya musu wuri.

Abin da ya fara yanke mini hukunci shi ne sandar tuƙi. A wannan jirgi tana tsakiyar kujerun biyu, matuƙi na zaune a hagu, don haka hannun dama yana kan sanda, na hagu shi ke kula da totur. Duk makunnin da za a buƙata cikin gaggawa dole hannun hagu ya kai gare shi ba tare da an saki sanda ba. Kuma ku ɗaura bel ɗin kafaɗa ku tamke shi kafin ku gwada. Wurin da hannu ke kaiwa cikin sauƙi in kana sake, da yawa ba ya kaiwa in bel ya riƙe ka.

Na jera su ne bisa yadda ake tayar da inji, daga hagu zuwa dama. Babban makunnin batir a farko, sai famfon mai na lantarki, sai fitila mai walƙiya da ke gargaɗin mutanen da ke kusa. Bayan ɗan tazara sai na rediyo da sauran na'urori, wanda ba a kunna shi sai inji ya tashi, domin sitata na jan wuta sosai, kuma faɗuwa da tashin wutar na iya cutar da su. Fitilun fukafuki, ja a hagu kore a dama, da fitilar sauka, suna can ƙarshe. Dukkansu sama kunnawa ne, ƙasa kashewa. Makunnan bangon gidajenmu akasin haka suke, shi ya sa nake roƙonku kada ku bar wa mai wayarin wannan zaɓi, ku tsaya a kansa.

Makunnan tartsatsin inji guda biyu su ne na fi daɗewa ina tunani a kansu. Rotax 912 na da layin tartsatsi biyu, kowace silinda fulogi biyu, kuma ba su dogara da batir ba. Kashe su yana nufin haɗa wayarsu da jikin ƙarfe, kamar dai yadda makashin babur yake aiki. Ma'anar wannan babba ce: idan wayar ta tsinke ko ta kwance, makunni zai nuna a kashe alhali inji a raye yake, wanda ya juya farfela da hannu yana iya rasa hannun. A ƙauye, inda yara ke zagaye duk abin da yake sabo, wannan ba abin wasa ba ne. Na ware su can sama ta hagu, nesa da sauran, na sa musu kariyar ƙarfe gefe da gefe don kada hannun riga ko gwiwa su taɓa su. Ban sa musu jan murfin nan mai faɗowa ba, domin murfin yakan tura makunni ƙasa in ya rufe, kuma kafin kowane tashi sai an kashe su ɗaya bayan ɗaya a gwada inji.

Akwai darasin da aka koya tun lokacin yaƙin duniya na biyu. A 1943 Alphonse Chapanis ya binciki dalilin da ya sa matuƙan jirgin yaƙi B-17 a Amurka ke naɗe ƙafafun jirgi bayan sun sauka. Ya gano maɓallin ƙafafu da na filaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukarwa lokacin sauka, kamarsu ɗaya kuma suna dab da juna. Aka sa wa ɗaya 'yar taya, ɗaya kuma siffar fiffike, yatsa ya riƙa bambance su. Jirgina ƙafafunsa ba sa naɗewa, amma na ɗauki darasin: famfon mai na sa masa hular roba mai kauri, babban makunni kuma faffaɗa ne ja. Ina zama in rufe ido, ƙanena ya kira suna, ni kuma in kai hannu. Duk wanda yatsa ya yi jinkirin samu, wurinsa bai yi ba tukuna.

Kan sayayya, ku duba abin da aka rubuta a jikin makunni. Yawancin na kasuwa an auna su ne da wutar gida, wutar batir kuwa tartsatsinta ba ya saurin mutuwa, tana cin bakin makunni. Ku nemi wanda aka rubuta ƙarfinsa na DC, wato wutar batir, kuma rufaffe, saboda ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Fis kuma waya yake karewa, don haka da kaurinta ake zaɓensa: waya lamba 22 amfiya 5, lamba 18 amfiya 10.

Abin da ya rage shi ne rubuta sunan kowane makunni a ƙarƙashinsa da rubutun da ba ya gogewa, sannan in kwafe jeren zuwa alminiyon, rami milimita 12, tazara kusan milimita 25. Zan ajiye zanen wayarin a fayil ɗin aikin, domin jirgi ba zai tashi ba sai NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta duba ta amince. Wanda ke haɗa jirgi mai sanda tsakanin ƙafafu, ya faɗa mana ta wane gefe ya sa famfon mai, don nasa lissafin hannun zai bambanta da nawa.