Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yanke bayan babur da ɗora sabon ƙarfe

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda aka sauke injin, aka cire tanki da kujera da wayoyi, babur ya rage ƙashi zalla a zauren gidanmu na Tudun Wada. Tsohuwar Honda CG125 ce, ƙirar da kamfanin ya fara fitarwa a 1975 domin ƙasashe irin namu, inda babur ke shan wuya kuma ba a cika canza masa baƙin mai a kan lokaci ba. Injinan China da dama ita suka kwaikwaya, shi ya sa kayanta ba sa wuya a Sabon Gari. Yau yanka da walda za mu yi, kuma a nan ne yawancin baburan haɗin gida ke lalacewa tun kafin su ga fenti.

Wurare uku ne zarto ba ya kusantar su: wuyan babur inda cokalin gaba ke shiga, mazaunin ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, da kunnuwan da shoka ke ɗaurewa a sama. Wuyan shi ke ɗauke da lambar shasi, wadda dole ta yi daidai da takardunka idan jami'an hanya suka tsayar da kai. Ban da wannan, karkatarsa ce ke sa babur ya miƙe da kansa in yana gudu. Ka taɓa shi ba tare da teburin saiti ba, to ka shirya kokawa da kan babur daga Kwangila har Samaru. Abin da za a yanke jela ce kawai, wato abin da ya wuce kunnuwan shoka, a bar kamar santimita 5 a bayansu.

Kafin yanka sai awo. A kafa babur a kan tsayawar tsakiya a daɓe mai kyau, a ɗora lebur ɗin magina a kan ƙarafan kujera biyu. Sai a auna tsawon shoka daga ido zuwa ido, a kuma auna sandar cikinta da ke fili, domin ita ce iyakar abin da za ta iya nutsewa. A cire shoka biyun, a ɗaga tayar baya da katako har tazarar da ke tsakanin kunnen shoka na sama da na ƙasa ta ragu da wannan adadi. Nan ne taya za ta kai ranar da ka faɗa rami da mutum a baya. Sabon ƙarfen jela, da madigadi, da duk wani noti da ke ƙarƙashin kujera, su kasance aƙalla santimita 2 zuwa 3 sama da wannan wuri. Masu auna tazarar da ido alhali babur na tsaye ba kaya, su ne za ka ji tayarsu na gurzar kujera.

Akwai ƙaramin abu da ake mantawa. Ƙarafan jela biyu suna riƙe da juna ne, da zarar an yanke abin da ya haɗa su sai su buɗe ko su tsuke. Don haka a fara ɗiga guntun ƙarfe a tsakaninsu da walda, na wucin gadi, sannan a yanka.

Sai zancen bututu. Kada kowa ya ruɗe ka da bututun ruwa mai farin shafe, hayaƙinsa in ya sha wuta yana sa zazzaɓi, kuma waldarsa ba ta fita da tsabta. Shi ma siririn bututun da ake kujeru da gadaje da shi ba na wannan aiki ba ne. Baƙin bututu ake nema wanda faɗinsa ya yi daidai da na shasin, kaurin jikinsa kuma milimita 1.5 zuwa 2. Ka tafi kasuwa da guntun da ka yanke a aljihu, ya fi dogon bayani. Lanƙwasa shi ya zama baka kuwa, in da mai injin lanƙwasa a kusa, ba shi. In babu, a cika bututun da yashi, a dandanna, a toshe bakunan da katako, a gasa wurin ya yi ja, a riƙa ja a hankali a jikin wani abu mai da'ira. Yashin ya zama busasshe ƙarau, a soya shi a kasko ma in damina ce, domin mai laima tururi yake yi a ciki har ya harbo toshiyar.

Haɗin kansa shi ne inda na fi saɓa wa yawancin masu waldar bakin titi. Su gwama baki da baki suke yi, su zagaye da wuta, su goge, shi ke nan. Wannan haɗi yana ɗaukar nauyi a tsaye, amma jijjiga ce ke kashe shi, kuma a gefen waldar yake tsagewa. Abin da ya dace a zura ɗan gajeren ƙarfe mai tsawon santimita 8 zuwa 10 a ciki, rabi a tsohon bututu rabi a sabo, ya shiga da ɗan matsi. A huda ramuka na milimita 6 zuwa 8 a jikin bututun waje, biyu a kowane ɓangare, a cike su da walda har ta kama na ciki. A fiƙe bakunan biyu kaɗan, a bar ƴar tazara domin wuta ta ratsa.

Sandar walda mai milimita 2.5 ake so, wadda masu shago ke kira geji 12. Geji 10 ta yi wa wannan kauri girma, huda shi za ta yi. A sa injin wajen amfiya 60 zuwa 70, a gwada a guntun da aka yanke tukuna. Idan wutar unguwa ta yi ƙasa, sanda tana manne wa ƙarfe, gara a haƙura ko a tayar da janareto mai ƙarfi, domin waldar da aka yi da raunanniyar wuta a sama take zama kamar kashin kaza, ba ta narke da ƙarfen ba. A fara da ɗigo huɗu a kowane haɗi, a mayar da lebur a duba, sannan a riƙa yi kaɗan-kaɗan, dama sannan hagu. Wanda ya gama gefe ɗaya gaba ɗaya, zafi zai ja jelar ta karkace wajen. Kuma kada a watsa ruwa don a yi sauri, a bar shi ya huce da kansa. In da sauran batir ko CDI (ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi) a jiki, a cire su kafin a kunna injin walda, tanki kuma ya kwana a wani ɗaki.

Wajen gugar waldar a tausaya. Ana son ta yi sumul, amma duk wanda ya ci ta da injin guga har ta shafe da jikin bututu ya cinye ƙarfinta. A kwankwashe ɓawon, a rage tudun, a shafa jan fenti mai hana tsatsa a ranar.

Gwajin ƙarshe na zare ne. A mayar da tayoyi da shoka, a ja zare biyu daga bayan tayar baya zuwa gaba, kowanne yana shafar gefenta, kimanin santimita 10 daga ƙasa. Tayar gaba ta fi siranta, saboda haka za a ga tazara tsakaninta da zaren, kuma ta dama da ta hagu su zo ɗaya. In sun bambanta, a fara duba notunan jan cen, kada a amince da zanen da ke jikin ƙarfen, a tsohon babur ba kullum yake faɗin gaskiya ba. In an saita su bambancin bai tafi ba, ko dai robobin mazaunin ƙarfen tayar baya sun cinye, ko babur ɗin ya taɓa faɗuwa ya lanƙwashe tun kafin ya zo hannunka. Cen kuwa a bar mata wasan santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, a sake dubawa da mutum zaune a kai, musamman in an sa shoka mai tsawo.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu shiga farantin kujera da mazaunin batir, da kuma dalilin da ya sa ban yarda a cire akwatin tace iska ba a garin da ke shan ƙurar hunturu irin Zariya.