Ɗaki na huɗu

Talata da dare. Saura kwana goma mu tafi taron keɓewa na zumuntar matan cocinmu.

Safiyar yau ta zo da daɗi. Tun ban gama addu'ar safe ba saƙon mai wa'azinmu ya shigo, ta amince, za ta ɗauki zama uku, biyu ranar Asabar, ɗaya ranar Lahadi. Wata guda cur ina bin ta. Direba ma ya tabbatar, bas biyu, ƙarfe biyu na ranar Juma'a a harabar coci. Mata 46 suka yi rajista, bara 38 ne. Da Ma'aji ta gaya min a waya sai da na ɓarke da waƙa ni kaɗai a tsakar gida, Auta yana leƙena ta taga.

Ƙarfe huɗu kwamiti ya zauna a ƙaramin ɗakin bayan coci don rabon wurin kwana. A duk shirin taro babu abin da ke cin lokacina kamar wannan. Ɗakuna takwas aka ba mu, kowanne mutum shida. Tsofaffi a ƙasa, kusa da banɗaki, saboda gwiwa. Masu goyo a ƙarshen baranda, don kukan dare kada ya tashi kowa, kuma su samu masu karɓar musu yaro. Sababbin da suka shigo zumunta bana ba na tara su wuri ɗaya, in aka yi haka sai su koma gida ba su san kowa ba sai junansu. Kowane ɗaki ina sa mace ɗaya mai haƙuri da za ta tashe su addu'ar asuba, ta kuma lura in wata ta yi shiru fiye da kima. Shekara shida ina wannan lissafi, na san mai minshari, na san mai tsoron duhu, na san wadda ba ta iya barci sai an bar taga a buɗe.

Sakatariya ce ta zo da jerin farko. Yarinya ce mai ƙoƙari, bara ta shigo kwamiti, sai ta bi sunaye yadda aka yi rajista. Tana karantawa ta iso ɗaki na huɗu, ta kira Malama, ta kira Maman Tagwaye. Ɗakin ya yi tsit. Na miƙa hannu na karɓi takardar, na cire murfin biro, na ce a mai da Malama ɗaki na bakwai. Ma'aji ta gyaɗa kai, Mama Fasto ta gyaɗa kai. Haka muke yi kowace shekara, ba ma tattaunawa.

"Shugaba, ajiye biron nan tukuna."

Kaka ce. Tun da muka zauna ba ta ce uffan ba, har na ɗauka gyangyaɗi take yi.

"Kaka, lokaci yana tafiya, ga tsarin Asabar ba mu taɓa ba."

"Shekara nawa ke nan kina raba su?"

"Uku."

"To, sun shirya?"

Na yi shiru.

"'Yata, katanga kike ɗora wa bulo kowace shekara da hannunki, kina ce mata zaman lafiya."

Maganar ta soke ni ƙwarai, kuma a gaban Sakatariya. Na ce, "Kaka, ai ko Ibrahim da Lutu sai da suka raba hanya. Bulus da Barnaba ma sun yi saɓani mai zafi a kan Markus, Barnaba ya ɗauki Markus suka nufi Kubrus, Bulus ya ɗauki Sila, kuma aikin Ubangiji bai tsaya ba." Na faɗe shi da ƙarfina, don amsar da na daɗe ina ba kaina ke nan.

Kaka ta ce, "Ibrahim ya je wurin Lutu ya yi masa magana baki da baki, ya ce mu 'yan'uwa ne, kada husuma ta shiga tsakaninmu. Bayan haka suka rabu. Ke wa kika je wurinta?"

Ma'aji ta so ta kashe wutar, ta ce, "Kaka, a bar kaza cikin gashinta mana, taro muke so a yi lafiya a gama lafiya."

Kaka ba ta ko kalle ta ba. Ta juya wurin Sakatariya, ta ce idonta ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu, a karanta mata ayar da muka zaɓa ta taron bana. Sakatariya ta buɗe Filibiyawa 4, aya ta 6 da ta 7, inda aka ce kada mu damu da komai, mu kai roƙonmu ga Allah da godiya, salamarsa kuma za ta tsare zukatanmu. Ni na zaɓe ta tun watan jiya, ita ce a saman takardar tsarin taro.

"Koma sama kaɗan, jikata. Aya ta biyu."

Ta koma. Ta karanta inda Bulus yake roƙon Afodiya da Sintiki su zama masu ra'ayi ɗaya cikin Ubangiji, da aya ta uku inda ya juya ga wani abokin aikinsa ya ce ya taimaki matan nan.

Kaka ta ce, "Mun ɗauki ta shida mun tsallake ta biyu." Ta ɗauki sandarta ta jingina a cinya, ba ta ƙara cewa komai ba har muka tashi.

Ban canza ɗakin ba, ban kuma bar shi yadda yake ba. Na ce a dakata da shi zuwa Alhamis. Sauran zaman na yi shi ne jiki a wurin, hankali a wani wuri. An tsai da cewa za a bar awa ɗaya bayan zaman safe na Asabar babu waƙa babu magana, kowa ta nemi wuri ita kaɗai. Shugabar mawaƙa ba ta so ba, ta so a ba ta lokacin don gwaji. Na tsaya a kan awa ɗayan, domin bara mun cika tsari maƙil har mata suka dawo a gajiye fiye da yadda suka tafi.

A hanyar gida haushi nake ji, ba zan ɓoye ba. Ina ta tsara abin da ya kamata in ce mata. Cewa ita ba ta san yawan wayar da nake amsawa ba. Cewa jagorancin mata 46 na kwana uku ba wurin gwaji ba ne. Ina isa gida haushin ya fara sauka, abin da ke ƙarƙashinsa ya fito, kuma ya fi haushin nauyi.

Waɗanda suke zumunta a lokacin sun san abin da ya faru, ba zan maimaita ainihin maganar a nan ba. Abin da zan rubuta nawa ne. Ranar wata Alhamis, shekara uku da suka wuce, ni ke jagorantar addu'a. Na ce mai roƙon addu'a ta kawo. Malama ta tashi ta ce a yi wa wata 'yar'uwa addu'a, ba ta kira suna ba, amma ta yi bayani dalla-dalla har babu wadda ba ta gane ba. Magana ce da aka gaya mata a asirce. Na yarda har yau cewa da kyakkyawar niyya ta tashi. Amma ina tsaye a gaba, ina ganin fuskar Maman Tagwaye, na ga yadda ta damƙe hannun jakarta, na ga matan da ke benci ɗaya da ita suna satar kallonta. Ina da damar tsai da maganar tun jimla ta biyu. Ban tsayar ba. Da Malama ta gama na ce, "Mu sunkuyar da kai." Da muka ɗago, wurin zaman Maman Tagwaye babu kowa.

Bayan wata biyu ta dawo, muka yi murna, ba wadda ta ta da zancen. Ni kuwa na kawo doka: ba mai kawo roƙon wata sai da izininta, kuma muka ajiye akwati a bakin ƙofa, mai so ta rubuta a takarda ba suna ta jefa. Dokar tana aiki, har wasu zumuntoci sun ɗauka daga wurinmu. Na riƙe ta a matsayin gyaran da na yi. Yau Kaka ta sa na ga cewa ban taɓa taka ƙafa zuwa gidan ko ɗaya daga cikinsu a kan wannan magana ba. Na raba musu ɗaki, na raba musu bas, na raba musu rukunin nazari, har ranar da kowacce za ta yi karatu a gaban jama'a ina duba kalanda kada su haɗu.

Bayan yara sun kwanta na sake buɗe Filibiyawa 4. Abin da ya fara kama ni shi ne Bulus bai faɗi abin da ya haɗa matan nan biyu ba, ko kalma ɗaya. Bai ce wance ce mai laifi ba. Baba Fasto ya taɓa nuna mana a nazari cewa a Helenanci kalmar roƙon sau biyu ta fito, ɗaya ga Afodiya, ɗaya ga Sintiki, kowacce da nata. Kuma bai ɗauke su kamar masu ta da fitina ba, ya ce sun yi fama tare da shi a aikin bishara, su da Kilemas da sauran, sunayensu suna cikin littafin rai. Daga kurkuku ya rubuto wannan, yana da damuwarsa, amma bai ga abin ya yi ƙanƙanta da zai bar shi ba.

Na koma Ayyukan Manzanni 16 don in tuna yadda ikilisiyar Filibi ta fara. Ranar Asabar, a bayan ƙofar gari, a bakin kogi, wurin da mata suke taruwa yin addu'a. Lidiya mai sayar da tufafin shunayya, mutuniyar Tayatira, ita ta fara buɗe zuciya, aka yi mata baftisma da mutanen gidanta, kuma gidanta Bulus da Sila suka nufa da suka fito daga kurkuku. Ikilisiyar da ta tsiro daga taron addu'ar mata, in biyu daga cikin manyan matanta ba sa ga maciji da juna, kowa zai ji a jikinsa. Mu ma haka ne. Malama ce ke riƙe da nazarin Littafi Mai Tsarki, Maman Tagwaye ce ke riƙe da ziyarar marasa lafiya da gwauraye. Shekara uku ba mu iya haɗa ayyukan nan biyu a rana ɗaya ba, kuma ƙananan mata sun koyi wa za su zauna kusa da ita.

Wanda Bulus ya ce ya taimake su, abokin ɗaukar karkiya ya kira shi. Na daɗe ina kallon kalmar.

Duk da haka ban yarda a cusa su ɗaki ɗaya ba su sani ba, ko da Kaka za ta sake yi min faɗa. Akwai wasu mata huɗu a ɗakin da suka zo neman hutu a gaban Ubangiji. Kuma na taɓa halartar taron da a daren ƙarshe aka ce kowa ta je ta rungumi wadda ta ɓata mata rai. An yi kuka sosai, an yi waƙa, bayan mako biyu gaisuwa ma ta gagara. Wadda aka yi wa rauni ita ake matsa wa a irin wannan wuri, idon jama'a a kanta, in ba ta tashi ba a ce ta ƙi yafiya. An riga an kunyata Maman Tagwaye sau ɗaya a gaban mutane ina tsaye, ba zan shirya na biyu ba.

Maigida ya same ni a falo da takardu a baje. Na ba shi labari a taƙaice, na ce ina tunanin in roƙi Mama Fasto ta zauna da su. Ya ce, "Maman yara, ranar nan Mama Fasto ce a gaba ko ke?" Ya kashe fitilar baranda ya shige.

A Matiyu 5, aya ta 23 da ta 24, wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa shi aka ce ya bar baikonsa a gaban bagade ya tafi. Kullum in na karanta wurin su biyun nake tunawa. Yau ni ce. Wurin Maman Tagwaye zan fara zuwa, ni kaɗai, kuma ba zancen Malama zan kai mata ba, ba zancen ɗaki ba. Zan gaya mata na gan ta ranar nan, na iya tsai da maganar ban tsayar ba, kuma na bar shekara uku ban zo ba. Abin da za ta ce ban sani ba. Tana iya cewa ya wuce don ta sallame ni. Tana iya janye sunanta daga taron gaba ɗaya, wannan shi ne ya fi ba ni tsoro.

Sauran abubuwa. Katifu huɗu ba su cika ba, Ma'aji za ta bi. Mai buga takardu ya rubuta Filibiyawa da "p", sai an sake. Jikin Auta da ɗan ɗumi, na ba shi magani, in bai sauka ba da safe sai asibiti. Ban kira Kaka ba, ya kamata in kira ta, don na tashi daga zaman ban yi mata sallama yadda na saba ba.

Ƙarfe goma da rabi na tura wa Maman Tagwaye saƙo a WhatsApp: "'Yar'uwa, kina gida gobe da yamma? Ina so in zo, ni kaɗai." Sau uku na goge na sake rubutawa kafin in tura. Ta karanta, alamar ta koma shuɗi tun ɗazu. Ba ta amsa ba tukuna.

Ɗaki na huɗu na rubuta sunaye huɗu da biro, layi biyu na bar su babu komai.