Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Shekara Biyun da Aka Ba Ni

A makon jiya na tsaya ne a ranar da na miƙa kundin bincikena na digiri na biyu, a watan Satumba na 2022, shekara guda cif bayan saukata Ingila. Na fito daga ginin sashenmu ina jin kamar an sauke mini dutse daga ka, ina ganin abin da ya rage kawai shi ne in zaɓi aikin da ya yi mini.

Kafin in shiga wannan magana, ya kamata mai karatu ya san irin zaman da nake yi a lokacin. Bizar ɗalibi ta yarje mini in yi aiki awa 20 kacal a mako muddin ana cikin zangon karatu, kuma makon a lissafinsu daga Litinin yake farawa ya ƙare Lahadi, ba a kuma yarda mutum ya yi awa 25 a wannan mako ya ce zai rama da 15 a na gaba ba. Aikin dare nake yi a wani rumbun tara kaya, inda muke ware ƙunshin saƙonni muna loda su a manyan motoci. Akwai wata takarda da na manna a bayan ƙofar ɗakina, duk asubar da na dawo sai na rubuta awannin da na yi da fensir kafin ma in cire takalmi. Wata rana shugaban aikinmu ya nemi in ƙara awa uku saboda wani bai zo ba, na lissafa a zuci na ga zan kai 21, sai na ba shi haƙuri. Kallon malalaci ya yi mini, ni kuwa na san awa ɗayan nan tana iya jawo a soke mini biza.

Ta wani gefen na taki sa'a. Gwamnatin Birtaniya ta rufe bizar aiki bayan karatu a 2012, sai a ranar 1 ga Yuli, 2021 aka buɗe wata sabuwa, wadda a lokacin take ba mai digiri na farko ko na biyu shekara biyu, mai digirin digirgir kuma shekara uku, ya yi kusan kowane irin aiki ba tare da wani kamfani ya tsaya masa ba. Sharaɗin shi ne sai jami'a ta sanar da Ma'aikatar Cikin Gida cewa ka kammala, sannan ka nema kana cikin ƙasar, kafin bizar ɗalibinka ta ƙare. Da sakamako ya fito a Disamba, na biya fam 715 na biza da fam 1,248 na kula da lafiya na shekara biyu. Duk abin da na tara a rumbun nan ya tafi a dare ɗaya.

Ba a sabunta wannan biza. Na karanta haka, amma bai shige ni ba, domin shekara biyu a idon wanda ya gama karatu jiya tamkar ba za ta ƙare ba.

Kuskurena na farko ma tun ina ɗalibi na yi shi. Manyan kamfanoni a can suna buɗe ƙofar ɗaukar sababbin masu digiri ne tun daga kaka, kusan shekara guda kafin a fara aikin. Wato a lokacin da nake fama da neman ɗaki da sabon sanyi da koyon hanyar aji, abokan karatuna ’yan ƙasa sun riga sun cika fom. Ofishin ba da shawara kan sana'a na jami'ar ya yi ta aiko da saƙon imel, ni kuma ina gogewa ba tare da na buɗe ba, ina cewa sai na gama jarrabawa. A nan ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Na biyu kuwa wata tambaya ce da take ƙasan kusan kowane fom: ko za ka buƙaci kamfani ya ɗauki nauyin bizarka, yanzu ko nan gaba? Ina amsa gaskiya, in ce e, sau da yawa kuma kafin gari ya waye saƙon ban haƙuri ya iso, abin da ya sa nake zargin babu ɗan Adam da ya duba takarduna. Na yi wata takwas a haka, da rana ina cika fom, da dare ina loda kaya, daga gida kuma ana tambayata ko an ba ni ofis.

Wata baiwar Allah da ta riga ni zuwa da shekaru, wadda muke kira Yaya, ita ce ta farkar da ni. Ta karɓi kwamfutata ta duba jerin wuraren da na nema, ta girgiza kai ta ce, “Ƙanena, kana ta ƙwanƙwasa ƙofar gidajen da babu kowa a ciki. Yawancin waɗannan ko sun so ka, ba su da lasisin riƙe ka.” Daga nan ta buɗe mini rajistar da gwamnati take wallafawa a intanet, mai ɗauke da sunayen duk ma'aikatun da aka ba izinin ɗaukar nauyin baƙi. Na ce, “Yaya, ashe a fili abin yake?” Ta ce, “A fili yake, kai ne ba ka tambaya ba.” Tun daga ranar ban sake cika fom ba sai na ga sunan kamfanin a wannan rajista, kuma sai ga shi an fara kirana ganawa.

Ana cikin haka, a ranar 4 ga Disamba, 2023, Sakataren Cikin Gida James Cleverly ya sanar da cewa mafi ƙarancin albashin da za a ba mutum bizar ƙwararren ma'aikaci a kansa, wato bizar da kamfani yake ɗaukar nauyinta, zai tashi daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara, aka kuma fara aiki da hakan a Afrilun 2024. Akwai rangwame ga irinmu sababbin shiga, wanda ya sauko da adadin zuwa fam 30,960, amma ko shi ɗin ya fi abin da ake tayawa a yawancin guraben da nake nema. Na ciro tsohuwar takardar nan daga bayan ƙofa, na juya bayanta, na rubuta watannin da suka rage mini ɗaya bayan ɗaya.

A cikin makon ne wani ƙaramin kamfanin jigilar kaya, wanda sunansa yake cikin rajistar, ya gayyace ni ganawa ta biyu. Matar da ta tarbe ni ba ta ko waiwayi digirina ba. Yatsa ta ɗora a kan layin ƙarshe na takardata ta neman aiki, wanda saura kaɗan in goge shi don kunya, ta ce in ba ta labarin aikin da nake yi a rumbu. Yadda muka ƙare da ita, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.