Hoton ƙwallon yara tsakanin la'asar da magariba

Akwai wani hoto a kwamfutata da har yau na kasa gogewa, ko da yake ba mai iya gane fuskar da ke ciki. Yaro ne ɗan shekara 11, a filin wata firamare a Tudun Wada ta Kaduna, ranar da ya ci ƙwallonsa ta farko a gasar unguwa. Saura kaɗan a kira magariba. Ya kwaso da gudu ya nufo inda nake tsugune, hannuwa a buɗe, bakinsa har kunne, ni kuma ina ta dannawa. Da na koma gida na duba, sai jan shafe kawai na tarar, kamar an goga fenti da tsumma. Washegari ya tare ni a bakin layi ya ce, "Kawu, ka kama ta?" Na ce ban kama ba. Ya sunkuyar da kai ya wuce.

Ƙannena masu sha'awar wannan aiki, laifin ranar nawa ne, kuma tsoro ne ya jawo shi. Tun ina koyo aka ce mini idan ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, ya haura 400 hoto zai yi yashi-yashi, sai na riƙe maganar gam, na bar shi a 200 ko da rana ko da duhu. Ita kuwa kyamara, idan ka hana ta nan, sai ta rama can: ta bar idonta a buɗe ya daɗe don haske ya ishe ta. A ranar ta sauka zuwa 1/30 na daƙiƙa. Yaron da ke gudu ba ya tsayuwa a hoto sai da 1/500, in ana bugun ƙwallo ma gara 1/1000. Lissafin ba wuya: duk lokacin da ka ninka ISO, ka samu damar rage rabin lokacin ƙiftawar. Daga 1/30 zuwa 1/500 ninki huɗu ne, wato 200 ya koma 400, 800, 1600, sai 3200. Da na yi haka, da yaron nan yana da hotonsa. Yashi-yashin ana rage shi a kwamfuta, a fuskar waya ma da kyar ake lura da shi, kuma ban taɓa jin uwar da ta yi ƙorafi a kansa ba. Fuskar da ta shafe kuwa ba ta da magani.

Sai gilashi, wato lens ɗin da ake ɗaura wa kyamara a gaba. Dogon gilashin da na fara da shi, mai 55 zuwa 200mm, in ka jawo abu kusa ƙofar haskensa ba ta wuce f/5.6 (ƙanƙantar wannan lamba, faɗin ƙofar). Na ɓata wata da watanni ina tsaye a tsakiyar layi ina zuƙo yara daga nesa, ina mamakin duhun da ke fitowa. Daga baya na sayi ɗan ƙaramin 50mm f/1.8 na hannu, wanda hasken da yake sha ya kusa ninka na wancan sau goma. Ba ya jawo nesa, don haka ni nake matsawa: in tsuguna gefen raga, in daidaita da tsayin yaran, in jira wasan ya zo ya same ni. Filayen unguwa ba filin wasa na Ahmadu Bello ba ne, ƙanana ne, ƙwallon za ta zo. Filasha kuma a bar ta a rufe. Haskenta ba ya wuce 'yan mitoci, sai dai ta kashe wa gola ido.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne yadda duhu ke rufto mana a nan. Kaduna ba ta da nisa da layin da ya raba duniya biyu, Arewa da Kudu, saboda haka rana tana faɗuwa ne kusan a miƙe, tsakanin faɗuwarta da duhu bai fi minti ashirin da 'yan kai ba. A Nuwamba da Disamba wajen ƙarfe shida ta faɗi, a Yuni da Yuli sai kusan bakwai. Yara kuwa ba sa taruwa sai an sauko daga la'asar, wasu ma sai an taso daga Islamiyya. Sau nawa na ce wa koci a bari sai an tashi a yi hoton ƙungiya, aka tashi ba a ganin fuskar kowa. Yanzu kafin a busa usur nake jera su, rana na bayana, in ɗauki kowa ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan benci wanda wataƙila ba zai taɓa ƙwallo ba ranar. Kuma ina tambayar iyaye kafin in sa hoton ɗansu a Facebook.

Hunturu da nasa halin. Hazo yana mai da sama fara fat, kyamara ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, fuskokin yaranmu su fito baƙi ƙirin ba ido ba hanci. Ƙara mata haske mataki ɗaya, kuma ka rage sama a cikin hoton. Na taɓa canza gilashi a tsakiyar fili a watan Janairu, yara na tayar da ƙura, tun daga nan kowane hoto ya riƙa fitowa da ɗige-ɗige a wuri guda sai da aka wanke cikin kyamarar. Gilashin ma da bakin riga na goge shi, ƙurar ta bar masa zane. A hure tukuna, sannan a shafa da kyalle mai laushi.

Da damina kuwa haske yana iya canzawa sau biyar kafin hutun rabin lokaci. A nan nake tsayar da 1/500 da hannuna, in buɗe ƙofar haske iyakarta, in bar ISO ya riƙa hawa da sauka da kansa. Leda da robar ɗaure kuɗi ba sa barin aljihuna: in huda gindin ledar, in fito da bakin gilashi, in ɗaure. Idan kyamarar ta jiƙe, kada a kulle ta a jaka a manta. Na yi haka a wani Agusta, bayan 'yan makonni na ga farin zare kamar yanar gizo ya yaɗu a cikin gilashin, fumfuna ce, kuma ba ta fita gaba ɗaya ba. 'Yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a tara su a zuba a jaka.

Kuskuren da ya fi damuna ba na hoto ba ne. Wata yamma a Kawo hadari ya haɗo daga gabas, baƙi wuluk, rana kuma ta leƙo ta ƙarƙashinsa daga yamma ta zuba wa rigunan yaran wani haske da ban taɓa ganin irinsa ba. Koci ya kai usur baki zai tashi wasan, na ce, "Koci, don Allah ƙara mana minti biyar." Ya ƙara, saboda yana ganin girmana. Ba a yi minti uku ba aka yi wata walƙiya, tsawar ta biyo ta kusan a tare. Yara suka watse suna kuka, da yawansu suka ruga gindin wani dogon darbejiya, wurin da ya fi ko'ina haɗari. Allah ya tsare, ba abin da ya sami kowa, amma daren nan ban runtsa ba, ina tuna cewa 'ya'yan mutane na tsayar a fili saboda hoto.

Sauti yana cin kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa uku. Idan ka ga walƙiya ka fara ƙirga, in tsawa ta iso kafin ka kai talatin, hadarin yana cikin kilomita goma da ku, kuma aradu tana iya kaiwa nan. A shigar da yara aji ko wani gini mai rufi da bango, ban da gindin bishiya, ban da jikin ƙarfen raga, kuma a jira minti talatin bayan tsawar ƙarshe kafin a koma. Mai hoto ya fi kowa a filin kallon sama, koci da alƙalin wasa idonsu na kan ƙwallo. Yanzu da na hango hadari ya fara haɗowa nake ƙirga, in lokaci ya yi in sa kyamara a jaka, in taka har wurin koci in ce masa a tashi haka.